Furoksin Injiniya da Laftof ɗin Aro

A wani kamfanin jigilar kaya da ke saman bene, babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ce mai kula da sito injiniya ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta amsa shi tun kafin a fara kiransa da shi, har mutane suka gaji suka bi. Aikinsa na gaskiya shi ne zama a ɗakin ajiya na ƙasa, tsakanin tayoyi da jarkokin baƙin mai, inda fanka ke kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Yana da tabarau wanda ba na magani ba, da laftof mai ruwan toka da yake rungume da ita ko'ina, da kuma yaya mace da ke auren Manaja. A cikin ukun nan, ta ƙarshen ce ta kawo shi kamfanin.

Laftof ɗin ma ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Nas, wadda ta saya don karatun jarrabawar ƙarin girma. Ta ba shi aron mako guda, makon ya ƙi ƙarewa. Da rana tana hannunsa, da yamma ya mayar mata ta yi karatu. Sunanta da ta rubuta a murfi kuwa, ya manne shi da baƙin salatif.

Abin da Injiniya ke hari yana ƙarshen baranda. Wani ɗaki ne mai kujera mai juyawa da na'urar sanyi, ɗakin mai kula da kwamfutoci. Mai ɗakin ya samu aiki a wani wuri ya tafi, makullin yana aljihun teburin Manaja, Mai kamfani kuma, wanda ke zaune a wani gari mai nisa, ya ce a taron bidiyo na ƙarshen wata za a faɗi wanda zai gaje shi. Tun daga ranar, duk lokacin da Injiniya ya wuce ta ƙofar sai ya rage tafiya, kamar mai wucewa ta gidan surukai.

Matsalar da ya ga zai taka ya hau kujerar ƙarama ce, sai dai ta kullum ce. A ofishin, kwamfuta ba ta fita intanet da ƙafarta. Sai ta ba wani baƙin akwati da ke cikin ɗakin nan saƙo, shi ya fita ya samo ya kawo mata, kamar ɗan aike. Wannan ɗan aiken shi ake kira furoksi. Ma'aikata kuwa suna tafiya gida da kwamfutocin ofis, kuma a gida babu akwati. Don haka duk yamma sai mutum ya shiga saiti ya kashe furoksi, duk safiya ya koma ya kunna. Wanda ya manta, ya zauna yana kallon farin allo.

Wata safiya Akanta, dattijuwar da ta ga manajoji da yawa sun zo sun tafi, tana cikin wannan hidimar sai ta ji numfashi a bayanta.

"Anti, har yanzu da hannu kike yi?" in ji Injiniya.

"Da ƙafa kake so in yi?"

"Wannan ai aikin mutanen da ne. Ni rajista zan shiga."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Rajistar kwamfuta, Anti. Can tsakiyar ƙwaƙwalwarta, inda take ajiye duk umarnin da take bi. Masu digiri ma tsoron wurin suke. Umarni guda zan rubuta mata. In ta ji ta a ofis ta kunna furoksi da kanta, in ta ji ta a gida ta kashe. Ke dai ki buɗe murfi ki sha shayinki."

"Wanda ya bar mana ɗakin can cewa ya yi kada kowa ya taɓa wurin nan."

"Shi ya sa ya tafi bai bar tarihi ba."

Manaja yana tsaye a ƙofarsa yana ji. Mutum ne mai son duk abin da zai iya gaya wa Mai kamfani da kalmar "mun yi", matuƙar ba shi zai yi ba.

"Ka tabbata ka iya?"

"Yallaɓai, ko ido rufe."

"To, ka dai buɗe shi. In abin ya yi aiki, makullin can naka ne. In bai yi ba, ni ban san da maganar ba."

Duk ilimin Injiniya a kan rajista daga wani bidiyo ya samo shi. Malamin bidiyon mutum ne mai natsuwa. Ya fara da gargaɗin cewa kafin a taɓa rajista a kwafe ta a ajiye, don in an yi ɓarna a samu abin mayarwa. Injiniya ya tura bidiyon gaba, domin ba ya son mai yawan magana. Malamin ba shi da baƙin akwati a ɗakinsa, saboda haka ya sa wa kwamfutarsa wata ƙaramar manhaja da ta mai da ita ɗan aike, don gwaji kawai, ya rubuta lambarta a cikin umarnin. Ya kuma yi bayanin cewa duk wanda ofishinsu ke da akwati ya bar wannan, ya rubuta lambar akwatin. Injiniya ya tsallake bayanin, ya yi sauran. Ya sa manhajar a laftof ɗin matarsa, ya rubuta lambar laftof ɗin matarsa. Sannan ya ƙara wani abu da ya burge shi a ƙarshen bidiyon: umarnin ya ɓuya a cikin kwamfuta yana maimaita kansa jifa-jifa, ta yadda ko wani ya canza saitin da hannu, zai mayar.

Washegari ya bi tebur-tebur da filashi mai ɗauke da umarnin, hannun riga a naɗe, yana cewa a matsa. Ya sa wa Akanta, ya sa wa Sakatariya, ya sa wa Manaja, har kwamfutar ɗakin taro mai babban allo bai bari ba. Ta hannunsa kaɗai bai sa wa umarnin ba, domin a cewarsa shi ba ya mantuwa. Da haka kamfanin ya samu sabon tsari: kowace kwamfuta ta miƙa saƙonta ga laftof ɗin Nas, ita ta miƙa wa akwati, akwati ya fita. Babu wanda ya san haka, har da wanda ya tsara.

Abin ya yi aiki. Kowa ya buɗe murfi, intanet ta zo da kanta. Injiniya ya jawo kujerar roba ya dasa a baranda, daf da ƙofar ɗakin da yake hari, ya ce daga nan zai riƙa sa ido a kan tsarin. Sito kuwa ya bar wa tayoyi su kula da kansu.

Da rana ta take, ya rufe laftof, ya soke ta a hammata, ya sauka cin abinci.

"Anti, taki na yi?" in ji Sakatariya.

"Ta mutu."

A kamfanin, mota ba ta tashi sai an ciro takardar lodi ta intanet an buga. Ba a jima ba sai ga Dogo, shugaban direbobi, ya hawo bene yana sharce gumi da hularsa.

"Yallaɓai, motoci sun cika tun ɗazu. Ko mu sauke kayan mu kwanta a kai?"

Manaja ya buga waya. Injiniya ya dawo a natse, tsinken sakace a baki, ya ce a ba shi wuri. Ya zauna, ya buɗe laftof, ya ɗaure fuska don ya fara bincike. Kafin ya gama ɗaure fuskar, Sakatariya ta ce, "Ta dawo."

Shi kansa sai da ya ɗan firgita, amma ya yi sauri ya danna wasu madannai da ba su da alaƙa da komai, ya jingina.

"Me ka yi mata?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, in zan yi bayani sai an kawo allo da alli."

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Ya fita, ta ɗauke. Ya dawo ya buɗe don ya duba, ta dawo. Direbobi suka fara cewa intanet ta san ubangidanta. Injiniya ya amince da wannan bayanin, don bai ga wanda ya fi shi ma'ana ba. Tafiyarsa ta canza. Ya fara kiran Dogo "abokina" yana dafa masa kafaɗa, ko da yake sai ya yi ɗage yake kaiwa.

Ranar da ya gane gaskiya, yana bakin matakala ne. Ya rufe murfi, sai ya ji tsakin Sakatariya daga ciki. Ya tuna bai duba wani saƙo ba, ya buɗe, sai ya ji ta ce, "Yauwa." Ya tsaya. Ya rufe a hankali. Tsaki. Ya buɗe. Yauwa. Ya yi ta wannan gwajin shi kaɗai a matakala har rigarsa ta manne masa a baya.

Ya koma wa bidiyon, wannan karon ya saurari mai yawan maganar tun daga farko. Da aka zo wajen gyaran kuskure, malamin ya yi murmushi ya ce abu ne mai sauƙi, sai kawai a mayar da kwafin da aka ajiye tun da farko.

Akwai hanya a buɗe, wato ya je ya gaya wa Manaja. Bai ko kalle ta ba. Ya jira Sakatariya ta sauka karɓar saƙo, ya zauna a kujerarta, ya canza lambar da hannu. Kafin ya gama murna umarnin ya mayar da ita. Ya nemi inda umarnin ya ɓuya, ya rasa, domin ya ɓoye shi da kyau. Sai ya kutsa cikin rajista, ya tarar da layuka birjik kamar an zuba tururuwa a allo, ya shiga goge duk wanda fuskarsa ba ta yi masa ba. Da Sakatariya ta dawo, umarnin yana nan daram. Firinta ce ta ɓace daga kwamfutarta.

"Wa ya zauna min a kujera?"

"Ba maganar kujera ba ce," in ji Injiniya da ƙarfi, yadda Manaja zai ji. "Cuta ce ta shige ta. Ina ta faɗa, a daina kallon ɗinkunan zamani da kwamfutar ofis."

Manaja ya leƙo ya yi mata faɗa a gaban direbobi. Sakatariya ta ja kujerarta ta zauna. Daga ranar, duk takardar da za ta buga sai ta kwafa a filashi ta kai teburin Akanta, kuma duk zuwa da dawowa sai ta wuce ta gaban kujerar roba ta dube shi sau ɗaya.

Bai sake taɓa rajistar kowa ba. Ya yanke shawarar ya lallaɓa abin har ƙarshen wata, in makulli ya shiga hannu sai a san yadda za a yi. Lallaɓawar ce ta zame masa ɗauri. Ya riƙa rigan mai shara zuwa, ba ya tashi sai kowa ya tafi. Ya daina fita cin abinci, sai dai a kawo masa ya ci da hannu ɗaya. Batirin laftof ɗin ya gaji da duniya, cajar kuma garin yawo da ita ta samu rauni a wuya, ba ta kawo wuta sai an lanƙwasa ta an danne. Ya aro abin maƙala takardu na Akanta ya ɗora a kai, ya hana kowa wucewa da sauri kusa da shi.

Bayi ne ya fi ba shi wahala. Yana can ƙasan matakala, inda waifai ke isa da kyar. Sai ya zare caja, ya ɗauki laftof a buɗe bisa tafin hannu, ya sauka a hankali kamar mai kai wa baƙo ruwa.

"Anti, ta yi nauyi," in ji Sakatariya.

Akanta ta leƙa baranda ta saman tabaranta, ta ga kujerar roba babu kowa. "Yi haƙuri, yana bayi. In ya fito za ta sake."

Maganar ta bazu har ƙasa. Direba in ya ga takardarsa ta yi jinkiri sai ya ce a tambayi Injiniya me ya ci jiya. Da ya fito rannan, Akanta ta tare shi.

"Ƙanena, har can ma aiki kake?"

"Anti, mai riƙe da tsari ba shi da hutu."

"Na gani. Ka dai riƙa wanke hannu kafin ka dawo mana da intanet."

Manaja kuwa abin ya ƙara masa yaƙini. Ya ce bai taɓa ganin ma'aikacin da ya ba aiki ransa haka ba, ya kuma gaya wa matarsa cewa ƙaninta ya shiryu.

Ana gobe taro, da yamma, Injiniya ya shigo gida ya tarar da Nas tana ninke kayan yara.

"Baban yara, gobe laftof ɗina ba za ta fita ba. Jarrabawata ce, da hantsi, kuma a kanta zan rubuta."

"Gobe fa taronmu."

"To taronku ya sayi tasa."

"Ki ari ta ƙawarki mana, ta yini ɗaya."

"In yi aro ina da tawa? A wannan suka sa min manhajar jarrabawa, ba ta buɗuwa a wata. Shekara guda nake jiran ranar nan. Wai ma me kake yi da ita ne da ba ka iya rabuwa da ita? Mai sito ne kai fa."

"Akwai abubuwan da ba a faɗa a gida."

"To gobe a yi su babu ita."

Ya ce to. Da safe, tana raka yara bakin titi, ya zare laftof daga jakarta. Don kada jakar ta yi shafal, ya zura katakon yanka albasa a ciki, ya zuge, ya mayar inda take, ya bi ta ƙofar baya.

An share ɗakin taro an jera kujeru. Injiniya ya sa kwat duk da zafin da ake yi. Ya ajiye laftof a ƙarshen tebur a buɗe, ya lanƙwasa caja, ya danne ta. Makullin ɗakin sanyi yana gaban Manaja, an ɗaura masa sabon zare. A babban allo ga fuskar Mai kamfani, dattijo mai furfura a gemu, wanda ba ya son a ja magana.

Manaja ya ja ta. Ya ce mun duba, mun gano, mun shiga rajista, mun kawo ƙarshen wahalar furoksi. Sannan ya ba Injiniya dama.

Injiniya ya miƙe, ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, abin da na gina ba ya bukatar mutum. Wannan shi ne bambancinsa da aikin na da. Tsari ne mai tsaye da ƙafarsa. Ko yau na bar kamfanin nan, ko na bar duniya, babu abin da zai girgiza."

A daidai lokacin Nas tana gaban teburin Sakatariya a waje, jaka a kafaɗa, tana haki.

"Sannu, ƙanwata. Ina mai siton nan naku?"

Sakatariya ta dubi jakar, ta dubi fuskar matar. "Suna taro, an ce kada kowa ya shiga." Ta ci gaba da shirya takardunta. "Ƙofa ta biyu ce a dama. Ba a kulle take ba."

Nas ta shiga da sallama. Ta ɗan rusuna wa Manaja, ta ce, "Ina kwana, Yaya, a gafarce ni." Ta zuge jaka, ta fito da katakon yanka albasa, ta ajiye a gaban mijinta.

"Ga taka."

Ta kai hannu ta rufe laftof.

Mai kamfani yana tsakiyar cewa madalla. Ya tsaya cak, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe.

"'Yar tangarɗa ce daga wajensu," in ji Injiniya. Muryarsa ta sirance. "Maman yara, ki bari mu yi magana a waje."

"Wa ya manna min wannan a kan sunana?" Ta sa farce ta ɓamɓare salatif ɗin. Sunanta ya fito ɓaro-ɓaro, Manaja ya miƙa wuya ya karanta. "Bari in ga ko ka taɓa min manhajar jarrabawa."

Ta buɗe. Bayan ɗan jim Mai kamfani ya rufe bakinsa ya motsa. "Kuna ji na kuwa? Wace ce wannan?"

Nas ta ga komai na nan, ta rufe. Dattijon ya sake daskarewa, wannan karon da yatsa a sama.

Akanta ta cire tabaranta ta ajiye a hankali. "'Yata, ɗan buɗe."

Ta buɗe. Dattijo ya sauke yatsa.

"Rufe."

Ya daskare.

"Buɗe, ki bar shi haka, ya gaji."

Dogo da direbobi, waɗanda suka hawo jin me ya tsayar da takardunsu, sun cika ƙofa. Dogo ya dafe ƙeya. "Ashe ba shi ta sani ba. Uwar ɗakinta ta sani."

"Wani ya yi min bayani," in ji Mai kamfani daga allo.

"Ranka ya daɗe," in ji Akanta, "wannan matar mai sito ce. Laftof ɗinta ta zo ɗauka. Da alama kamfaninka na ciki."

Injiniya ya juya wajen Manaja. "Yaya, bari in fayyace maka."

"A ofis ni ba yayan kowa ba ne. Ranka ya daɗe, ni ban san da maganar ba."

"Ba yanzu ka ce kun shiga rajista ba?" in ji Mai kamfani.

"Shi ya shiga. Ni a bakin ƙofa na tsaya."

Nas ta dubi agogon hannunta, ta fara naɗe caja. Akanta ta ce a dakata. Ta jawo kwamfutar ɗakin taro, ta shiga saiti kamar yadda ta saba duk safiya, ta goge lambar da ta tarar, ta rubuta ta akwatin. Ta ce wa Nas ta rufe. Aka rufe, dattijo bai daskare ba. Manaja ya sauke ajiyar zuciya, ya fara cewa dama mun san za a shawo kan abin. Nas ta sa laftof a jaka, direbobi suka dare suka ba ta hanya. Ƙafarta ɗaya na waje, umarnin da ke ɓoye ya farka ya mayar da lambarsa. Mai kamfani ya ƙame yana tsakiyar kurɓar ruwa.

Akanta ta mayar da tabaranta. "Wannan ɓangaren dai ya iya shi."

Manaja ya bi Nas har baranda, yana tafe yana gyara murya.

"Ƙanwata, don girman zumunci. Motoci a cike suke, ga mai gida a kan allo da kofi a baki. Ki ba mu zuwa azahar."

"Yaya, in na bar ta nan, wa zai rubuta min jarrabawa? Shi?"

Manaja ya waiga ya dubi Injiniya.

"Ko na kama hanya yanzu da kyar zan isa gida a kan lokaci," in ji ta.

"To ki rubuta a nan mana," in ji Akanta daga bayansu. "Ke ki yi jarrabawarki, mu mu bi ta bayanki mu wuce. Me kike bukata?"

Nas ta yi ɗan tunani. "Ɗaki mai shiru, mai wuta, wanda ba a shigowa."

A benen kaf ɗaki ɗaya ne mai wannan siffa. Manaja ya koma ɗakin taro, ya ɗauko makullin mai sabon zare, ya wuce ta gaban Injiniya, ya miƙa mata da hannu biyu. Sakatariya ce ta buɗe ƙofar, ta goge kujera mai juyawa, ta kunna na'urar sanyi. Nas ta zauna, ta buɗe murfi, daga ɗakin taro aka ji Mai kamfani ya ajiye kofi yana tambayar ina kowa ya tafi.

Sai caja ta ƙi. Soket ɗin ɗakin yana can ƙasa bayan tebur, wayar ba ta kai yadda za a danne ta da komai ba. An gwada abin maƙala takardu ya zame, an gwada littafi ya faɗi. Batiri ya nuna ja.

"A hannunsa ta lalace," in ji Nas. "Shi ya san yadda ake lanƙwasa ta. Ya zo ya riƙe."

Injiniya ya shigo. Sanyin ɗakin ya daki fuskarsa a karon farko, ya lumshe ido kaɗan. Ya nemi inda zai jawo kujera.

"A'a," in ji Nas. "Kyamara a kunne take. In suka ga mutum a ɗakin za su soke min jarrabawa. Ka shiga ƙasa."

Ya dubi Manaja. Manaja yana duban rufi. Ya dubi Sakatariya, ta matsar masa da kwandon shara don ya samu wuri. Ya cire kwat, ya ninke, ya tsuguna ya shige ƙarƙashin tebur, ya kama wuyan cajar ya lanƙwasa. Wuta ta kawo.

"Kada ka yi tari," in ji Nas, ta gyara zama.

Aka ja musu ƙofa. Takardun lodi suka fita, motoci suka tashi, taro ya ci gaba babu shi. Sau ɗaya allo ya ɗan yi rawa, Akanta ta ce wa Mai kamfani kada ya damu, hannu aka canza.

Nas ta ci jarrabawarta. An kira mai gyara daga waje ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya tone umarnin, ya dawo wa Sakatariya da firinta. Ɗakin sanyi aka ba wani da aka ɗauko da takardunsa. Laftof ba ta sake yini a hammatar kowa ba, kujerar roba kuma ta koma ƙasa tare da mai ita.

Bayan kwanaki Dogo ya shiga sito karɓar taya, ya tarar da Injiniya ya tara sababbin direbobi biyu, yana zaune a kan jarka, tabarau a hanci.

"Ku tambayi kowa a benen nan," yake ce musu. "Akwai ranar da kamfanin nan kaf, da motocinsa da mai shi, a hannuna ɗaya yake. Da na saki, shi ke nan."

Direbobin suka dubi Dogo.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Dogo, ya mirgino tayarsa. "Ku tambaye shi a ina yake zaune."